Spider ko Pinstripe: Wace Mesa Ya Kamata Mai Shirin Kiwo a Kebbi Ya Saya?

Duk wanda ya saba kallon bidiyon masu kiwon macizai a YouTube ko TikTok ya san ƙaramar mesar nan da Turawa ke kira ball python, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule ta zama curi, ta cusa kanta a tsakiya. Ba ta da dafi, ba ta da faɗa, tsawonta ba ya cika wuce mita ɗaya da rabi. Asalinta kuma tamu ce, ta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, inda take ɓuya a cikin suri da ramukan ɓeraye. Daga Gana da Togo da Benin, maƙwabciyarmu ta wajen Bagudo, ake kwasar dubbanta kowace shekara zuwa Amurka da Turai. Can suka yi ta haɗa masu launin da ba a saba gani ba, har suka fitar da ɗaruruwan iri: fara tas, ruwan ɗorawa, mai dabbare-dabbare, mai zane siriri.

Yanzu hotunan sun dawo mana ta waya, kuma na ga samari a Birnin Kebbi da Jega suna tura wa juna, wasu har suna lissafin kuɗin da za su zuba su fara kiwo. Maganar halaccin ajiye maciji da cinikinsa ta malamai ce, kowa ya je ya tambaya kafin ya sa kuɗinsa. Wannan rubutu na wanda ya riga ya yanke shawara ne, ya tsaya tsakanin iri biyu da ake yawan tallata wa sabon shiga saboda zanensu ya yi kusa kuma farashinsu ba ya tsorata mutum: Spider da Pinstripe. Ra'ayina ba ɓoyayye ba ne. Wanda zai yi kiwo don ƙyanƙyasa, ya bar Spider. Amma gara a ga dalili dalla-dalla, domin masu sayar da ita ma suna da hujjojinsu, kuma ba duka ne na banza ba.

A ido, Spider ta fi ɗaukar hankali. Baƙin zanen da ke jikin mesar daji, wato mai launin asali, ya tsuke ya koma sirara kamar saƙar gizo-gizo, jikin ya yi ruwan zinariya, farin ciki ya hauro har gefe. Wani kamfanin kiwo na Amurka mai suna NERD, na Kevin McCurley, shi ya fito da ita a 1999 daga wata mesa guda da aka kamo a Afirka, kuma duk Spider da ke duniya yau daga wannan tushe ta fito. Pinstripe ta biyo baya da ɗan lokaci, ta hannun wani mai kiwo a Amurka, Brian Barczyk. Ita launinta ruwan ƙasa ne mai haske, da layi siriri da ya bi gadon baya tun daga wuya har wutsiya. Gefenta ba shi da farin nan na Spider, gaskiya ne. Wanda ke son farin sai ya haɗa ta da wani irin da ake kira Calico, wanda ke son launi ya ƙara ja sai ya nemi irin da ake kira Enchi.

Bambancin da ya fi wannan nauyi ba ya fitowa a hoto. Sai an tsaya a gaban akwatin an jira lokacin ciyarwa.

Lafiyayyar mesa in ta ji ƙanshin ɓera, za ta fito da kai a hankali, ta naɗe wuya, ta tsaya cik ba motsi sai harshe, sannan ta kai sara sau ɗaya ta nannaɗe. Spider da ciwon ya yi wa ƙarfi ba haka take ba. Na tsaya na kalli wata ana miƙa mata ɓera da hantsaki. Da ta ɗago kai sai ya fara karkarwa hagu da dama, ta kai sara ta wuce ɓeran ta bugi bangon akwati. Ta sake ɗagowa, wuyan ya murɗe, haɓa ta koma sama, ta ci gaba da binciken iska kanta a juye ba ta san a juye yake ba. Sai da mai ita ya kai mata abincin dab da baki sannan ta kama. Wasu in aka kwantar da su rigingine sukan daɗe ba su iya juyowa ba, abin da mesar kirki ke yi nan take. Wasu kuma abin kaɗan ne, ɗan karkata kai kawai in sun firgita ko sun ji yunwa. Wannan shi ne ciwon kaɗa kai da ake magana.

Shekaru da yawa ana cewa matsalar a ƙwaƙwalwa take. A 2022 masu bincike a Jamus suka ɗauki hoton cikin kan Spider da na mesar daji suka kwatanta, suka tarar da nakasa a can cikin kunne, a sassan da ke gaya wa dabba ina ne sama ina ne ƙasa. Ƙananan bututun nan masu lanƙwasa da 'yar jakar da ke kusa da su ba su ginu daidai ba. Ke nan da shi ake ƙyanƙyashe ta. Ba allura, ba magani, ba irin abincin da zai gyara shi. Kuma ba abin mamaki ba ne launi da kunne su haɗu a matsala ɗaya, domin tun dabba tana cikin ƙwai, ƙwayoyin da ke samar da launin fata daga tushe ɗaya suke fitowa da wasu ƙwayoyin jijiya, kuma suna da hannu a ginin kunnen ciki. Shi ya sa ake yawan samun kurumta a fararen kyanwoyi masu shuɗin ido da karnukan Dalmeshiya masu ɗigo-ɗigo.

Pinstripe ba ta da ko ɗaya daga cikin wannan. Sama da shekara ashirin ana ƙyanƙyasarta, ba a san ta da kaɗa kai ba.

Yanzu ga lissafin gado, wanda shi ne zuciyar maganar. Mu nan ba baƙi ba ne ga irin wannan lissafi, saboda gwajin jini kafin aure ya koya mana shi: mai AS lafiyarsa lau, amma in ya auri mai AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da sikila. Mutane da yawa suna ɗauka haka Spider take, wato akwai mai ɗauke da abin a ɓoye kuma lafiya, sai an yi rashin sa'ar haɗi sannan ciwo ya fito. A nan kuskuren yake. A sikila sai ƙwayar gado biyu sun haɗu. A Spider guda ɗaya ta isa, kuma ita wannan ƙwaya ɗaya ita ke kawo zanen, ita ke kawo ciwon. Babu Spider mai ɗauke da shi a ɓoye. In ka ga zanen, to abin yana nan.

Ka haɗa namijin Spider da macen daji. Kowane ƙwai yana da rabin dama ya fito Spider, rabin dama ya fito irin na daji. Mesar nan takan saka ƙwai kamar shida, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci har goma ko sha ɗaya, su ƙyanƙyashe bayan kwana 55 zuwa 60. A kwanci ɗaya ke nan kana sa ran 'ya'ya uku masu matsalar kunne. 'Yan uwansu da ba su ɗauko zanen ba kuwa lafiyarsu garau, kuma ba za su gadar wa nasu 'ya'yan komai ba. Wannan kaɗai ya isa ya rushe zancen masu cewa yawan haɗa dangi na kusa ne ya jawo ciwon. Da haka ne, da 'yan kwanci ɗaya duk sun kamu. An yi shekaru ana haɗa Spider da jini daban-daban, har da sabbin kamu daga daji, zanen da ciwon sun ƙi rabuwa.

In kuma ka haɗa Spider da Spider, kaso ɗaya cikin huɗu na ƙwan zai ɗauki ƙwayar daga uwa da uba duka biyu, kuma irin waɗannan galibi a cikin ƙwai suke mutuwa. Ka yi asarar ƙwai, sauran da suka fito kuma biyu cikin uku masu kaɗa kai ne. Pinstripe da macen daji ma rabi da rabi ne, daidai da Spider, a zuriyar farko ka ga launinka. In ka haɗa Pinstripe biyu, wadda ta ɗauki ƙwaya biyu tana rayuwa lafiya, har ma ta fi amfani ga mai kiwo, don duk abin da ta haifa zai fito da zanen. Saurin samun sakamako da ake yabon Spider da shi, Pinstripe ma tana da shi ba ragi.

Wani ɗan ƙanwata ya taɓa nuno mini bidiyo a wayarsa, ya ce, "Kawu, duba, wannan ba ta kaɗa kai ko kaɗan, mai ita ya ce daga tsaftataccen jini take." Na ce masa, ɗana, bidiyon daƙiƙa ashirin ne, da rana, mesar tana kwance a hannu cikinta a ƙoshe. Ka ce ya ɗauko maka ita da dare lokacin da take yawo, ko lokacin da ake ba ta abinci. Kuma ko da ta fito lafiya a nan ma, ba ta ba ka tabbacin komai game da 'ya'yanta ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin Spider: ƙarfin ciwon ba ya bin layi. Uwa mai ɗan karkata kai kaɗan tana iya haifar wadda ba ta iya riƙe kanta, uwa mai tsanani ta haifi mai sauƙi. Wata tana ƙarama ba a ganin komai, ta girma abin ya bayyana, wata kuma ya ragu. Mai kiwon tumaki zai iya zaɓen rago mai kyau ya gyara garkensa a hankali. A nan babu abin da za ka zaɓa, kowane ƙwai sabuwar caca ce, kuma ba kai ne za ka biya ba in ta faɗi.

Masu kare Spider suna cewa tana cin abinci da kyau, tana girma, tana haihuwa, tana daɗewa, to ina wahalar? Kashi na farko na maganarsu gaskiya ne, yawancin Spider ba su da matsalar ci. A 2014 wasu masu bincike biyu a Ingila, Rose da Williams, sun tambayi masu kiwo da kuma masana jin daɗin dabbobi. Masu kiwo suka ce ciwon bai taɓa rayuwar dabbar sosai ba, masanan suka ce illar matsakaiciya ce zuwa babba. Ni ina tare da masanan, ba don sun fi karatu ba. Maciji ba ya kuka, ba ya ɗingishi, fuskarsa ba ta sauyawa. Cin abinci ba shaidar jin daɗi ba ne, shaidar yunwa ce. Dabbar da ke iya shekara ashirin zuwa talatin a hannun mutum, a ce duk tsawon wannan lokaci ba ta rarrabe sama da ƙasa yadda ya kamata, kuma mu muke ƙyanƙyasar ta haka da gangan don zane ya burge mu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san za a tambaye shi game da dabbar da ke ƙarƙashin kulawarsa.

Ta fuskar kasuwa ma, araha ba ta ado. Tun 2018 babbar ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu jan ciki ta Birtaniya ta hana sayar da Spider a wuraren baje kolinta, kuma masu saye da suka san abin da ake ciki suna ta guje mata. Kai da za ka fara yau, sai mace ta shekara biyu zuwa uku, ta kai nauyin kilo ɗaya da rabi, kafin ta yi ƙwan farko. Ka yi wannan jira duka a kan irin da kasuwarsa ke tsukewa?

Sai dai a kula, ba a cika sayar da Spider da sunanta tsirara ba. Tana shiga cikin haɗe-haɗe masu sunaye masu daɗi. Bumblebee haɗin Spider ce da wani irin launi mai suna Pastel. Killer Bee, Lesser Bee, Queen Bee, Honey Bee, duk akwai ta a ciki. Spinner kuwa Spider ce da Pinstripe a jiki ɗaya, kada sunan ya ruɗe ka. Ƙarin launi ba ya tsarma ciwon. In ka haɗa Bumblebee da macen daji, 'ya'yan za su kasu huɗu: na daji, Pastel, Spider, Bumblebee, wato rabi dai masu kaɗa kai. Kishiyarta ita ce Lemon Blast, Pastel da Pinstripe, mai ruwan lemo mai haske. Ita ma kashi huɗu take bayarwa, babu mara lafiya ko ɗaya. Da za a ce in zaɓar wa sabon shiga namiji guda, namijin Lemon Blast zan nuna masa.

Ba Spider kaɗai ke da wannan ba. An san Champagne da Woma da Hidden Gene Woma da kaɗa kai, haka Super Sable da Powerball (Super na nufin wadda ta ɗauki ƙwayar launin daga uwa da uba duka biyu). Champagne da Spider in aka haɗa, 'ya'yan da suka ɗauki duka biyun ba sa rayuwa, haka Champagne biyu. Wasu kuma matsalarsu ba ta kai ba ce: Super Cinnamon da Super Black Pastel sukan zo da baki a baje da lanƙwasar ƙashin baya, Caramel Albino ma da lanƙwasar, matan Desert kuma ƙwai yakan maƙale musu.

Akwai hanya ta uku ga mai haƙuri, ita ce ta launukan da sai ƙwaya biyu sun haɗu suke fitowa, kamar Albino, wadda mai kiwo Bob Clark na Amurka ya fara ƙyanƙyasa a 1992, da Piebald mai manyan fararen faci, wadda wani mai kiwon, Peter Kahl, ya tabbatar da gadonta a 1997. Nan ne lissafin mai ɗauke da abu a ɓoye yake aiki: biyu masu ɗauke da shi, kaso ɗaya cikin huɗu ya fito da launin. Ba su da kaɗa kai, kuma darajarsu ta fi tsayawa. Wahalarsu lokaci da amana. In ka fara da namijin Piebald da macen daji, 'ya'yan farko duk kamar na daji za su fito, sai ka raini matan shekara uku kafin ka ga farin faci. Sayen wadda aka ce tana ɗauke da shi a ɓoye kuwa, daga wanda ba ka sani ba, ba hoton iyaye, ba takarda, cinikin biri a sama ne. Ga wanda ke da kuɗin mesa ɗaya ko biyu kawai, ban ga dalilin farawa ta nan ba.

Yanayinmu ma yana da bakin magana a wannan zaɓi. Mesar tana son ɓangaren ɗumi na akwatinta ya tsaya wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya ɓangaren ya fi sanyi. A Birnin Kebbi, daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje. Zafin da ya wuce kima shi kansa yana lalata jijiyoyin maciji, ya sa shi kallon sama da murɗa wuya. Haka maganin sauro na feshi da fiya-fiyar da muke zubawa a lungu. Haka wata cuta mai yaɗuwa tsakanin mesoshi da ke taɓa ƙwaƙwalwa, wadda ba ta da magani. To ka ga inda Pinstripe ta sake yin gaba: ranar da ka ga ta karkata kai, ka san wani abu ya faru, ka ware ta, ka duba zafi, ka nemi likitan dabbobi, ko da sai ka kai ta asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Spider kuwa kullum a haka ka saba ganinta, sai ka ce halinta ne, alhali zafi ne ke cin ta ko cuta ce da za ta bi sauran. Kuma duk abin da ke takura ta, zafi ko hayaniya ko yawan ɗauka, yana ƙara mata kaɗawar.

Abinci ma haka. Masu kiwo a waje suna ajiye matattun ɓeraye a firiza su narkar in za su bayar. Mu da wuta ba ta tsayawa, yawanci mai rai za a jefa. Ɓera mai rai a akwati ɗaya da mesar da ke kai sara tana kuskure, haɗari ne, domin yana juyowa ya cije ta, a ido ko a baya. Kuma don Allah kada a kamo ɓeran gida ko na rumbu. Wataƙila ya ci shinkafar ɓera, sannan ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Mai kiwon mesa dole ya yi kiwon ɓerayensa a keji mai tsafta.

Kafin ka biya, ko wace iri ce, ka nemi cikakken sunan duk launukan da ke jikinta da hoton uwa da uba. Ka sa a kwantar da ita rigingine ka ga ko za ta juyo nan take. Ka ga ta ci abinci a gabanka ko a bidiyon da ba a yanka ba. In daga wata ƙasa za ta shigo, mesar nan tana cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, ta sa wa ido, sai da takardar izini, kuma tsallako da ita ta daji laifi ne.

Wanda kuma ya riga ya saya, Spider tana hannunsa, ban ce ya kashe ta ba, ban ce ya sake ta a jeji ba, can ba za ta kai labari ba. Ya riƙe ta, ya kyautata mata, ya dai hana ta haihuwa. Akwatin ya zama mai faɗi ba mai tsawo ba, kada a sa reshen da za ta hau ta faɗo. Kwanon ruwa ya zama mara zurfi, don wadda kanta ke juyewa tana iya shaƙar ruwa. A sa mata maɓoya biyu masu matse jiki, a ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi kuma yara ba sa shiga, a rage ɗaukarta don nuna wa baƙi. Lokacin ciyarwa a kashe ɓeran tukuna, a miƙa shi da dogon hantsaki dab da bakinta, a riƙe shi cik har ta kama.